Kadan da Abba Ya Ɗinka wa Auta

Shekaranjiya na kai gyaran siket wurin wani tela a bakin makarantarmu, nan Zariya. Na same shi ya kwantar da kan kekensa yana ɗiga masa mai. Warin man nan ya tsayar da ni a bakin ƙofa, har sai da ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara gaya wa bawan Allah cewa warin falonmu na Doha ne ya tare ni a shagonsa? Bari kai da kake karantawa in gaya maka.

A unguwar Abu Hamour ta Doha na tashi, a ɗaya daga cikin gidajen nan masu kama ɗaya da katanga guda ta kewaye. Mu huɗu ne: Abba, Umma, ni, sai ƙanena da kowa ke kira Auta. Umma likita ce, Abba kuma injiniya a wuraren gine-ginen sabon birnin Lusail. Amma da za ka tambaye ni aikin Abba ina ƙarama, tela zan ce maka. Mahaifinsa tela ne a Funtuwa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar da Abba ya baro Najeriya, an ce kan keken ɗinkin tsohonsa ya fara sa wa a akwati kafin takardun makarantarsa.

Abubuwa uku ne suka raba lokacin Abba in ba ya wurin aiki. Na farko karatu. Ba ya zaɓe: labaran masu bin sawun ɓarayi, tarihin yaƙe-yaƙe, har littafin girki da bai taɓa gwada ko miya ɗaya daga ciki ba. In mun je babbar kasuwar kayan miya ta unguwarmu, Umma na can tana fama da mai tumatir, shi yana jingine da mota da littafi a hannu. Ya taɓa tuƙo mu har gida da ledar albasa a kan rufin mota, mutane na ta danna masa oda yana ɗaga musu hannu, a zatonsa gaisuwa ce.

Na biyu fim. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, sai ya ja labule, ya ƙara sanyin esi, ya kunna tsohon fim ɗin Indiya. Ba ya jin yarensu ko kalma goma, amma shi ke yi mana fassara. In jarumi ya yi dogon jawabi yana hawaye, sai Abba ya ce, “Cewa ya yi yunwa yake ji.” Umma ta ce, “Injiniya, ka ji tsoron Allah.” Kafin a kai ga faɗan ƙarshe kuwa ya yi barci, da safe ya tambaye ni ko an kama mugun.

Na uku shi ne keke, kuma lokacinsa ƙarshen watan Oktoba. Makarantarmu ta Doha ta haɗa 'ya'yan ƙasashe da yawa, kuma duk shekara ana ware rana ɗaya yara su zo da shigar ban mamaki, abin da Turawa ke kira Halowin. Shekarar farko Umma ta ce atafau bikin aljanu ne, ba da 'yarta ba. Abba ya ce, “Likita, ai kunkuru ba aljani ba ne.” A kan haka suka shirya: ba jini, ba ƙaho, ba ƙoƙon kan mutum, dabbobin Allah kawai. Shi ya sa yayin da 'yan ajinmu ke zuwa a mayu da fatalwa, ni na je a kunkuru, da kwandon da ya sayo a kasuwar Souq Waqif ɗaure a bayana. Wata shekara na je a zabuwa, ya yini yana ɗiga farin fenti a baƙin yadi, malamarmu ta tambaye ni ko talotalo ce.

Ni aikina a wurin ɗinkin ɗaya ne, zura masa zare a allura. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana. “Uwata, zo ki ara mini ido.” Abin da na tsana a ɗinkinsa shi ne kalmasa. Ba ya yanke ragowar yadi a ƙafar wando ko bakin hannu, sai ya naɗe shi ciki ya bi da ɗinki, ƙafar ta yi nauyi tana dukan idon sawu. Umma takan ce, “Kayan yini ɗaya kake yi wa wannan hidima kamar na Sallah?” Shi kuma ya ce haka tsohonsa ya koya masa, ba a yanke wa yaro tsawo. Ban taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba, na sa ta cikin jerin maganganun manya da ake ji a wuce.

Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu, aka rufe masallatai, titin gabanmu ya yi tsit. Umma ta koma kamar baƙuwa a gidanta. In ta dawo daga asibiti ba ta taɓa kowa, daga ƙofa sai banɗaki, kayanta a leda. Abba kuwa zaman gida ya karɓe shi. Ya karance duk abin da ke kan kanta, muka kalli fim har ranakun da ba Juma'a ba, kuma tun ana tsakiyar zafi ya jawo keke. A shekarar Auta ya shiga makarantarmu, karonsa na farko ke nan. Abba ya tambaye shi wace dabba yake so, ya ce kada.

Ya yi masa kada na gani na faɗa. Koren yadi daga wuya har ƙafa, ƙayoyin baya na soso, jela tana jan ƙasa, hula mai dogon baki da fararen haƙora. Auta ya sa shi sau ɗaya a falo don gwaji, yana rarrafe yana cizon ƙafar kujera. Da Oktoba ta zo, makaranta ta ce bana babu, rabin yara ma a gida suke karatu. Auta ya yi kuka. Abba ya rataye kadan a cikin leda a kabad ɗinsa ya ce, “Khalas, shi ke nan, baɗi ma rana ce.”

Kafin azumin da ya biyo baya Abba ya fara tari. Umma ce ta kai shi asibiti da kanta, ya fita da littafi a aljihun jallabiyarsa. Muka riƙa ganinsa ta waya, da farko yana tsokanar Auta, daga baya yana ɗaga mana hannu kawai. Wata rana da azahar Umma ta shigo, ba ta nufi banɗaki ba. Ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa da kayan aikinta, ta jawo mu jikinta. Tun kafin ta buɗe baki na gane. Abin da na tuna shi ne na ji ƙaurin shinkafar da na ɗora, na zame jikina na je na kashe wuta, na tsaya ina kankare tukunya.

Ban yi kuka ba. Ba a ranar ba, ba washegari ba. Abokan aikinsa kaɗan aka bari suka kai shi makwancinsa, a maƙabartar da ba ta da nisa da unguwarmu. Babu zaman makoki, babu tabarmi a ƙofar gida, babu matan da za su cika ɗaki kukan wata ya jawo na wata. Waya ce kawai ke ta ƙara. “Ya haƙuri?” “Da godiya.” Na faɗi haka har bakina ya saba, kamar mai amsa sallama. Kakata, mahaifiyarsa, ta kira daga Funtuwa ta ce, “Takwara, kin yi kuka kuwa?” Na ce a'a. Ta ce zai zo. Na jira shi kamar yadda ake jiran ruwan sama a Doha, bai zo ba.

Muka ci gaba da zama, tunda aikin Umma ne ke riƙe da takardunmu na zama a ƙasar. Aka lulluɓe keke da zani. Ranar Juma'a kowa ya shige ɗakinsa. Ina cin abinci, ina cin jarrabawa, ina dariya in an yi abin dariya, amma komai daga nesa nake jin sa, kamar hannun da aka kwanta a kai. Oktoba ta zo ta wuce, kada na rataye a kabad.

Shekarar da aka kawo gasar cin kofin duniya ta ƙwallo, gari ya rikice da murna. Tutoci a kan kowace fitilar titi, baƙi sun fara cika jirgin ƙasa da waƙe-waƙe, ana ta nuno Lusail a talabijin da dogayen benayen da Abba ya sha rana a gindinsu. Ina kallo, ko a jikina. A cikin wannan hayaniya makaranta ta sanar cewa ranar shigar ban mamaki ta dawo. Da yamma na tarar da Auta a ɗakin Umma, ya buɗe kabad ya ciro kada ya sa. Jikin ya shige shi, don Abba ya yi shi da yalwa. Amma ƙafar wandon a tsakiyar ƙwauri ta tsaya, hannun kuma ko wuyan hannu bai kusa ba. Ya yi tsaye gaban madubi yana jan yadin ƙasa da ƙarfi.

Umma ta ce gobe za ta kai shi kanti ya zaɓi wanda yake so. Ya girgiza kai. Ta ce to a kai wa tela ya ƙara wani yadin a ƙasa. Ya ce ba ya so a sa masa abin da ba Abba ne ya sa ba. Sai ya juyo gare ni ya ce, “Yaya, ke kin je da kunkuru, kin je da zabuwa, kin je da duka. Ni wannan kaɗai ya yi mini.” Gaskiya ya faɗa. In bai sa shi bana ba, baɗi ko jikin ba zai shige shi ba, shi ke nan Auta ba zai taɓa shiga makaranta da ɗinkin ubansa ba.

Ranar Asabar bayan azahar na ɗauki reza na zauna a falo da kadan a cinyata. Ban sa rai da wani abu ba, na ce ko ɗan yatsa biyu na samu a ƙafar ya rage. Na farke ɗinkin a hankali, kalmasar ta buɗe, yadi ya sauko kusan tafin hannu. A ƙarƙashinta sai na ga wani layin ɗinkin. Na farke shi, wani tafin hannun ya sauko. A ƙarƙashin wannan ma akwai na uku. Yadin ciki ya fi na waje kore, kuma a kan kowane naɗi ga layin shuɗin allin Abba, a miƙe sak, kamar jiya ya ja shi. Haka ɗaya ƙafar, haka hannuwan biyu.

Na kira Auta ya sa. A naɗi na biyu ƙafar ta sauka daidai idon sawunsa. Umma ta fito ta durƙusa, ta juya bakin wandon, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Injiniya ke nan.” Ta miƙe ta shiga kicin ta kunna famfo, ya daɗe yana zuba.

Na zura zare a allura, abin da kawai na iya, na kama bakin da hannu. Ɗinkin ya fito a karkace, da Abba ya gani da ya yi mako yana yi mini dariya. Kada ka zaci a nan na fashe da kuka, ban yi ba. Na dai ga allin ya shafu a babban yatsana, na zauna ina kallonsa, na ƙi taɓa komai da hannun. Har aka kira la'asar. Na tashi na yi alwala, shuɗin ya bi ruwa.

Auta ya je makaranta a kada, jela na share ƙasa a bayansa. Da ya dawo na tambaye shi me aka ce, ya ce wani yaro ya tambaye shi a wane kanti aka saya, shi kuma ya ce masa babansa ne ya ɗinka.

Yanzu Auta ya fi Umma tsawo, muryarsa ta buɗe, ƙwallo ce a gabansa. Shekarar da ta biyo baya ya ce ya girma da shigar dabbobi, don haka naɗi na uku yana nan yadda Abba ya bar shi, da allinsa a ciki. Su suna Doha, ni ina nan ina karatu, keke na lulluɓe a inda yake. Na ji an ce yanzu yawancin yaran makarantar a waya iyayensu ke yin odar kayan, a sa yini ɗaya a jefar. Kukan da kakata ta ce zai zo har yau ina jiransa, ita ma ta rasu ba ta ji labarin zuwansa ba.

Telan nan na Zariya ya auna siket ɗin a jikina, ya ce ya yi tsawo da yawa. Ya ɗauki almakashi ya ce, “Hajiya, a yanke ragowar ko?” Na daɗe da daina tsawo, na sani, shi ma ya gani. Na ce masa, “A'a, kar ka yanke. Kalmashe shi ciki.”