Alawar da Na Kasa Ci a Bengal

Ko da zan manta hanyar gidanmu a ƙauyen Turawa da ke Karaye, ba zan manta da ranar da wata tsohuwa ta miƙo mini alawa a ƙasar Indiya ba.

Yayana na raka asibiti a yankin Bengal, aka yi masa aikin ƙoda. Yawanci barci yake. Ni kuwa in na nufi kasuwar Karaye, gaisuwa kaɗai kan cinye mini hantsi, sai ga ni a inda ba mai ce mini ko ina gajiya. Har fankar ɗaki na fara gaisarwa, ina tambayarta ya aiki.

Wata rana Yaya ya ce, "Kai, fita ka sha iska. Wannan fuskar taka ta fi ciwon damuna."

Direban da ke zirga-zirga da mu, mai ɗan jin Turanci, ya tafi da ni wani gari da 'yan Hindu ke zuwa ziyarar ibada. Mutane kamar an juye Rogo da Karaye da ƙauyukansu a lungu ɗaya. Ga ƙararrawa, ga hayaƙin turare, ga jajayen furanni, kowa ba takalmi, kowa riƙe da hannun wani nasa. Direban ya ce alawar da suke ɗauke da ita, abin bautarsu suke kai wa, sannan su fito su raba. Ya shige ɗakin bautarsu, ya bar ni zaune a matakala. Ban taɓa jin kewa irin ta cikin taron nan ba.

Can sai wata tsohuwa mai farin zane ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana dubana, sannan ta buɗe ganye ta ɗora mini alawa a tafi. Tun zuwana ƙasar, ita ce ta farko da ta dube ni don ni.

Ci dai ba zan ci ba, na san inda alawar ta fito. Amma a wurinmu, sa'ar uwarka ta ba ka abu ka mayar mata, ai ka zage ta. Na sandare, hannu a buɗe, ita tana jira. Gumin da na yi zai shayar da gonar rake.

Da direban ya fito na ce, "Don Allah gaya wa Iya addinina ne ya hana, ba raini ba."

Ya gaya mata. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ta. Sai ta ɗauke alawarta, ta faɗi wata magana.

Direban ya fassara, "Ta ce ka zauna, kada ka motsa. Wai ka rame."

Ni da nake cika kujerar mutum biyu.

Ta je ta sayo ɗanyar kwakwa, ta sa aka fasa a gabana. Ta zauna kusa da ni ina sha. Na zazzage mata gaisuwar da ta taru a cikina, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya jikin tsufa, tana kaɗa kai tana amsawa da yarenta. Da na shanye ta tashi, taron ya haɗiye ta. Ko sunanta ban sani ba.

Abin da na koya, baƙo ba abinci ya fi buƙata ba, wanda zai zauna kusa da shi yake nema. Yanzu in na ga wani ya yi tagumi a tashar Karaye, sai na je na dame shi da gaisuwa.