Adaftar da Alhaji Modu Ya Raina

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Modu ya shigo shagonmu na gyaran rediyo a Sabon Layi ba. Zamanin jihar Gongola ne, da damina. Ni ne babban ma'aikaci a lokacin, maigidana kuwa Oga Yohanna, mutumin Michika.

Alhaji ɗan kasuwa ne daga Borno. Ya ajiye ƙaramar rakoda da kaset guda ɗaya. A wancan zamani da kaset ake aika saƙo gida, wannan kuwa shi ne na ƙarshe da mahaifiyarsa ta aiko kafin ta rasu. Batir na mutuwa yana jan muryar, shi ya sa ya sayo adafta don ya jona da wutar lantarki.

Kai, adafta kamar dutsen guga! Haka mutanenmu ke zaɓa: a ɗaga a hannu, wadda ta fi nauyi ita ce ta ƙwarai.

"Malam Bitrus, jona mini," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, bari in gwada tukuna."

Ku yaran yanzu ku saurara. Irin waɗannan manyan adaftoci, sai abu mai cin wuta sosai ke sauko da ƙarfinsu daidai da abin da aka rubuta. A jikin ta Alhaji an sa ƙarfin wuta bolt shida. Na ɗora mita, allura ta wuce goma. Rakodar ba ta cin wutar kirki, don haka duk rarar a kanta za ta sauka, motar cikinta ta yi gudu ta tauna zaren kaset ɗin.

Na ɗauko wata 'yar ƙaramar adafta mara nauyi, wadda ƙarfinta ya dace da rakodar. Alhaji ya jijjiga ta, ya yi tsaki.

"Wannan ai fanko ce! Oga, yi wa yaronka magana."

Oga Yohanna ya ce, "Bitrus, ba shi abin da yake so mana."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Oga, ka sallame ni in ka ga dama. Hannuna ba zai jona mai nauyin nan ba. Kaset ɗin nan ba shi da na biyu."

Na ɗauki 'yar ƙaramar, na duba bakin wayar kada ya zama a juye, na gwada da wani tsohon kaset namu, sannan na sa nasa.

Muryar tsohuwa ta fito tas da Barbarci, tana kiran "Modu, Modu." Alhaji ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da hannun riga. Ba wanda ya motsa har kaset ya ƙare.

Wallahi ina alfahari da ranar nan. Abin da mutum ya kawo maka gyara, ba ka san me ya ajiye a ciki ba. Ku gwada kafin ku jona, ko da za a zage ku.