Wuƙar Bahago a Kasuwar Gwada

Jiya ina cinikin doya a kasuwar Gwada, sai idona ya faɗa kan wuƙar da wani dattijo yake yanka irin doya da ita. 'Yar wuƙar aljihu ce mai naɗewa, mariƙinta na ƙashi mai tsaga-tsaga. Kun dai san haukata a kan tara irin waɗannan tsofaffin wuƙaƙe.

Na karɓa na duba. Tsagar gefe guda ta shafe ta yi sumul, daidai inda bahago ke ɗora babban yatsa.

Na ce, "Baba, ashe kai bahago ne? Don Allah sayar mini."

Ya yi murmushi. "A'a, ɗana. Yayana ne bahago, wuƙarsa ce. Da ya rasu, na koya wa hannun haguna yanka, don yatsana ya zauna inda nasa ya zauna. In na sayar maka, a ina zan riƙa taɓa shi?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Da na koma gida Barkin Sale, na buɗe akwatin wuƙaƙena. Duk ƙal suke, babu wadda ta san hannun kowa.

Ku fa, me kuka gada wanda ba ya sayuwa?