Layin Da Babu Suna

Wani ɗan kuka ne, "tiit", ya fara fitowa daga ɗakin Baba, ranar wata Asabar a daminar 1999, 'yan makonni bayan soja sun miƙa mulki. Ina tsakar gidanmu na Ƙofar Sauri ina tsintar shinkafa, ƙannena na carafke bakin rijiya. Inna ta ajiye muciya ta kasa kunne. Tsohuwar kwamfuta ce Baba ya sayo, yana son ya zuba sunayen zuri'armu da ranakun haihuwa, don littafin da kakanmu ya bari gara ta fara cinsa.

Malam Sada, abokin aikinsa, ya nuna mashi hanya biyu ta shigar da bayani. Ɗaya fili ne mai layi-layi kamar rajistar makaranta, ka cike inda ka ga dama. Ɗayar fom ce mai jero tambayoyi, ba ta barin ka wuce sai ka amsa. Baba ya fi son fom ɗin, wai ba ya barin kuskure. Inna kuwa ba ta yarda da su duka ba. Ta ce abin da ke tambaya kamar ɗan ƙidaya, akwai wanda yake kai wa labari; kuma ita ba ta taɓa ganin an lissafa 'ya'ya kamar buhunan gero ba. Har zane take rufa wa allon in za ta yi salla.

Ni aka ɗora a kujera, don na fi kowa saurin karatu. Mu shida ne, amma na lura duk sanda Inna ta leƙo, yatsunta bakwai suke lanƙwashewa. Na yi ta zargi iri-iri, na kasa tambaya. Da na rubuta Yaya Kabiru a farko, sai ta ce daga bakin ƙofa, a hankali, akwai wani kafin shi. Namiji ne, ya koma ranar da ya zo, ko huɗuba ba a yi mashi ba. Na tsallake gurbin suna, fom ya yi kukansa ya ƙi. Sau uku. Baba ya ce to a bar shi, tunda ba suna.

"In abin ga bai da wurinsa, to a cire ni ni ma," in ji Inna.

Sai Baba ya ce in buɗe mai layi-layin. Na sa ranar haihuwarsa a layin sama, na bar gurbin sunan fayau.

Yanzu waya ma ba ta buɗewa sai ka cike mata komai, muna cikewa ba mu tambayi wa ke karɓa ba. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, takardar sunayen da Baba ya buga daga kwamfutar tana wurina. Kwanan baya ɗiyata Hafsa ta bi ta da yatsa, ta tsaya a layin sama.

"Umma, shi wannan in zan yi mashi addu'a, me zan ce da shi?"