Abin da Masai Ya Ƙi Haɗiyewa

Har yau in na ji warin jabel, maganin nan na wanke ƙasa da banɗaki, sai in tuna wata rana. Ina zaune a ofis a unguwar Bali, mai shara tana goge ƙasa, amma ni na koma gidanmu na New Bell, ina 'yar shekara tara.

Da masai na rami muka taso. Kun san halinsa, abin da ka jefa masa ya tafi ke nan har abada. Kofin da na fasa, ɗankwalin da na ƙona, duk ya rufa mini asiri. A shekarar Baba ya sa aka girka mana na zamani, fari tas, da tankin ruwa a bayansa. Ni a wautata rami rami ne.

Wata Juma'a cikin damina aka ba mu takardar sakamako a lekol, wato makarantar boko, jan biro ya cika ta. Baba kuwa ya riga ya rantse, in na sake faɗuwa zai cire ni, in je in taya Gwaggo sayar da kifi a kasuwar Youpwé. Na ƙudundune takardar a leda, na ƙulle tam, na jefa, na ja ruwa.

Ruwan ya ƙi tafiya. Don tsabar ruɗewa na sake ja. Wayyo! Sai ya taso, ya cika, ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa, ya nufi inda Kaka ta shimfiɗa tabarmar sallarta. Ta fizge tabarmar tana salati. Baba ya shigo daga masallaci da fararen kayansa, ya tattare riga, ya murɗe ɗan famfon da ke bayan tanki, ambaliyar ta tsaya. Ya ɗauko robar nan mai sanda da muke kira bantus, ya yi ta dannawa, gumi na zuba. Aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, aka jira. Shiru.

"Sai an kira mai gyara ya kwance bututun, mu ga abin da ke ciki," in ji Baba.

Kaka ta dube ni, kallo ɗaya, ta ce da ɗanta, "Kai fita, kada ka ƙarasa ɓata kayanka."

Ta rufe ƙofa da ni a ciki. Ta sa hannu a leda har gwiwar hannu, tsohuwar da ko tsakar gida ba ta takawa sai da takalmi don gudun najasa, ta durƙusa ta laluba. Ƙullin ya fito, ruwan ya zuƙe da ƙara. Ta kwance shi.

"Ban iya Faransanci ba, 'yar nan, amma na san jan biro."

Baba ya ƙwanƙwasa. "Inna, mene ne ya toshe?"

"Leda ce," ta ce. Ba ta yi ƙarya ba.

Mun wanke ko'ina da jabel, ta yi wanka, ta yi sallarta. Bayan la'asar ta kama hannuna zuwa gaban Baba, ta zauna kusa da ni har na faɗa da bakina. Ya yi faɗa sosai, amma a gaban uwarsa bai iya cire ni ba. Shi ya yi azumin kaffarar rantsuwarsa.

Yanzu ina Cité des Palmiers, banɗaki biyu gare ni da lambar mai gyara a waya. Takardu kuwa kullum ina sa musu hannu. Hannun da ya sa na kai nan bai taɓa riƙe biro ba.