Wata Ukun da Motar Yaya Garba Ta Yi a Kan Turame

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa a Wudil. An saba jin yabo a irin wannan rubutu, kuma ya cancanci yabo. Amma ni da haushi na ɗauki alƙalami, haushin da ya girmi 'ya'yana duka.

'Yan shekaru kafin samun 'yancin kai, Yaya ya sayo tsohuwar motar soja a gwanjo a Kano, irin mai ja da ƙafa huɗu. Niyyarsa ya riƙa kwaso gyaɗa da mutane daga ƙauyukan Achika da Indabo zuwa kasuwar Juma'a. Da rani ta yi aiki. Da damina ta kankama sai hanya ta gagare ta. Amalanken shanu sun zurfafa gefe biyu, tsakiya ta yi tudu, sai cikin motar ya zauna a kai, ƙafafu suna ta juyi a banza cikin laka.

A lokacin ni sabon malamin elementare ne, ina ganin babu abin da ban sani ba. Na ce masa a sa ƙarfe a ɗaga ta taƙi guda, a ɗaura mata wasu faffaɗan tayoyi da wani direba ke son rabuwa da su a tasha. Aikin kwana biyu ne.

Ya ce, "Isa, in na ɗaga ta haka, ranar da ta ɗauko buhu goma da mutum takwas ta karkata a gangaren rafi, kai za ka je ka yi wa iyalansu bayani?"

A wurinsa faffaɗar taya ta yashi ce. Laka siririya take so, mai zurfin haƙora, wadda za ta nutse ta kama ƙasa mai tauri. Ɗagawa kuwa, ganyen ƙarfe biyu zai ƙara a kowane sifirin da ke ɗauke da jikin motar, ta tashi yatsa uku, ba ƙari. Da ƙafa ya taka hanyar Indabo riƙe da karan dawa yana auna zurfin kowane rami. Sau biyu yana mayar wa wani makaniki a Kano ganyen sifirin, wai bai yarda da ƙarfen ba. Tayoyin da yake so babu su a kanti, sai an kawo daga Ikko ta jirgin ƙasa. Aka ce masa mako biyu. Ya yarda da maganarsu, ya kwance tsofaffin da suka suɗe ya ba masu yanka takalma, ya ɗora motar a kan tsofaffin turame huɗu a ƙofar gida. Mako biyun nan ya zama wata uku.

Matata Hajara tana gidan iyayenta a Indabo, ta je goyon ciki na fari. Wata Talata da hantsi, bayan an sheƙa ruwa, kawunta ya iso a kan keke, laka har gwiwa. Ya ce tun jiya take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Na ruga wajen Yaya, na same shi zaune a gindin motar yana goge ƙusoshi.

Na ce, "Yaya, tayoyin tasha fa? A ɗaura ko na yau kaɗai."

Ya miƙe, muka tafi tare. Direban ya sayar da su tun wancan watan.

A amalanke muka ɗauko Hajara, Yaya yana gaba yana jan shanun, yana shiga laka har cinya. Sai bayan la'asar muka iso titi muka samu motar Kano. Allah ya tashi kafaɗun Hajara. Yaron, namiji, bai zo da rai ba. Bayan kwana goma sha ɗaya tayoyin suka iso.

Na san rai na Allah ne, kuma babu likitan da ya ce mini da mun iso da wuri da ya rayu. Duk da haka shekara biyu ban sa ƙafa a motar nan ba. Abin da ya ƙara mini takaici shi ne lissafinsa ya fita daidai. Shekara goma sha huɗu tana bin hanyar, ba ta taɓa kifewa ba, ba ta taɓa kwana a laka ba. In aka ce masa mace na naƙuda, ko lodi yake yi sai ya sauke buhunan ya tafi.

Yanzu ina zaune a Sabon Gari, ina kallon motocin da aka ɗaga har sai an yi tsalle a shiga, tayoyi kamar na tarakta. Wani Alhaji maƙwabcina yana da irinta. Na tambaye shi wace hanya ya auna kafin a ɗaga ta, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kwalliya ce." Ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Da Yaya zai gan ta, na san zagaya ta zai yi, ya danna gefe ɗaya ya ga yadda take lilo, ya tambayi mutum nawa ake zubawa a ciki. Kuma da zai ji cewa har yau akwai ƙauyukan da ake fito da mai naƙuda a kan babur da damina, ban san da bakin da zan ba shi amsa ba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Isa, zaɓen tayar ban yi kuskure ba. Kwance tsofaffin ne kuskuren. Da na bar su ko a suɗe, da ta kai mu rabin hanya." Shekara talatin da wani abu ina jiran wannan magana, amma da ta zo, abin da na iya cewa kawai shi ne ya sha kununsa kada ya huce.

Motar an daɗe da sayar da ita ga masu tsohon ƙarfe. Abin da ya rage shi ne dattawa a Achika da Indabo da ke tare ni a kasuwa su ce a motar yayana aka kai uwarsu ranar da za a haife su. Nakan amsa da fara'a, in yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Ɗana ya kamata ya zama sa'ansu. Yaya, na yafe maka tun kana raye, faɗa maka ne ban yi ba. Allah ya jiƙanka da rahama.