Tagar da Ya Fasa Mata

Mai Dashe ake ce masa, kuma laƙabin ya bi shi har ya danne sunan yanka. Shekara ashirin da biyu ya yi yana rainon bishiyar turare a gandun wani kamfani da ke sare itace, ya niƙa, ya ƙona don samar da lantarki. Aikinsa ya cusa ƙasa a 'yar baƙar leda, ya barbaɗa irin da bai fi ƙwayar yashi ba, ya yi ta ban ruwa safe da yamma har tsiro ya isa dashe, motar kamfani ta zo ta kwashe. Da babban yatsa yake gane ledar da ke jin ƙishi. In ka biyo da safe, sai ka ji yana yi wa tsirrai faɗa kamar masu kunne.

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta. Ita ta fara ce wa tsirran yara. Da ya shigo zai cire takalmi, sai ta ɗago daga ɗinki ta ce, "Yaran nan sun sha ruwa kuwa, ko ka bar min su da ƙishi?" Shi kuma ya ce, "Sun sha, sun ce a gaishe da uwarsu." Wasan da suka rufe ramin zuciyarsu da shi ke nan.

Tela tana da asma tun tana budurwa. A cikin gari ɗakinsu yana bayan garejin kanikawa, hayaƙi har cikin kwanon abinci. Saboda haka ranar da kamfani ya ba shi gidan ma'aikata a bakin gandun, tsakanin bishiyoyi da babban titin da manyan motoci ke ɗaukar itace, Mai Dashe ya ga ya tsinci dami a kala. Ɗakin ba shi da taga ta wajen bishiyoyin, sai ya ari guduma ya fasa bango da hannunsa, ya sa taga mai murfi biyu, ya jawo kekenta ya ajiye a gindinta. Ya ƙara da dasa turare bakwai a tsakar gida.

"Ga asibiti na kawo miki har ɗaki," in ji shi. "Ganyen da ake sirace da shi don ƙirji, ke kuma dawansa guda aka ba ki."

Wa zai ga laifinsa? Ni dai ban gani ba. Kowa ya san iskar bishiya lafiya ce.

Bishiyoyi suka yi sama, ƙirjin Tela ya yi ƙasa. In watannin zafi suka kama, daga tsakar rana zuwa la'asar sai numfashinta ya koma kamar ana busa ta ƙaramin rami. Ya zargi ƙurar yadi. Ya sauya matashin kai. Ya ba da kyanwarta kyauta, ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Kuma duk sanda abin ya taso, sai ya rugo daga wurin aiki, ya wangale tagar nan duka biyu, ko ya ɗauki kujerarta ya kai gindin bishiya, ya riƙe kafaɗarta yana cewa, "Ja, Tela. Ja da ƙarfi, magani ce." Ita kuwa ta yi ta ja, don ba ta taɓa yi masa musu a kan bishiya ba.

A shekara ta shida da komawarsu gidan, wata ma'aikaciya mai awon iska ta zo ta kakkafa wasu akwatuna a kan sanduna, ɗaya a jikin katangar gidansa. Bayan wata biyu ta dawo duba su, ta ji tarin Tela ta taga, ta ga kujera a gindin bishiya da rana tsaka. Ta kira shi gefe.

"Baba, wa ke zama a kujerar nan?"

"Mai ɗakina. In ƙirji ya matsa mata, nan nake kawo ta ta sha iska."

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, irin wannan bishiyar in rana ta yi zafi akwai wata iska da ganyenta ke fitarwa. Ita kaɗai da sauƙi. Amma in ta gamu da hayaƙin motocin can da na injin masana'anta, rana ta dafa su tare, sai su zama wata iskar daban mai ƙona huhu. Ba a ganinta. Daga tsakar rana zuwa la'asar ta fi yawa, kuma akwatin gidan nan ya fi kowanne nuna ta."

"A'a, 'yata. Bishiya ce fa. Ni na raine ta."

"Ba zan ce ita kaɗai ce ciwon Mama ba. Amma don Allah a daina fito da ita a wannan lokacin. A rufe taga."

Ya zauna a kan kujerar. Shekara shida yana ɗura wa matarsa ciwo da hannunsa, yana ce mata ja da ƙarfi. Garin neman gira ya tsone ido.

Ya je wurin manaja. Manaja ya ba shi ruwan sanyi, ya ce rahoton zai tafi sama, a jira. Ya kuma tuna masa, cikin ladabi, cewa gidan na mai aiki ne, katin asibitin da Tela ke karɓar maganin shaƙa da shi ma na mai aiki ne. Ya je wurin yayanta a gari, yayan ya ce ƙofa a buɗe take, sai dai ɗakin da ya rage shi ne wanda ke kallon tashar mota. Gaba kura, baya sayaki. Ya dawo gida a ƙasa, bai ma san ya wuce inda ake shiga mota ba.

Washegari ya ɗauki gatari ya sare bishiyoyi bakwai na tsakar gida, yana sara yana kuka, babba da shi. Da ta bakwai ta faɗi ya ɗaga kai, sai ga gandun nan a bayan katanga, layi bayan layi har inda ido ya gaza, kuma babu guda a ciki da ba ta ratsa ta tafin hannunsa ba. Mako uku bayan haka kututturan bakwai suka yi toho, kore shar. Ya san za su yi. Don wannan taurin ran kamfani ya zaɓi turare, kuma shi da kansa ya sha yi wa baƙi alfahari da hakan.

Sai ya turo bulo da siminti a baro, ya fara toshe tagar da ya fasa. Tela tana zaune a bakin gado, maganin shaƙa a cinyarta, tana kallon haske yana raguwa layi-layi. Bai faɗa mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai da ya rage bulo biyu.

"Malam," ta ce, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma, "yaranmu ne, ko?"

Cokalin ginin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "Ni ne, Tela. Ni na kawo ki."

"Ba ka sani ba."

Ya liƙa bulon ƙarshe. Ɗaki ya yi duhu, ta lalubi allura ta kasa ganin kafarta, ta ajiye. Duk da haka yana jin ƙirjinta yana wannan ƙaramin kukan, don iska ba ta neman izinin bulo. A wurin raino kuwa ledoji dubu arba'in na jiran ruwan yamma, kuma in suka bushe, gida da kati sun tafi.

"Je ka," in ji ta. "Je ka ba su ruwa. In ba su sha ba, ni ma ba zan sha magani ba."

Ya wanke simintin hannunsa, ya ɗauki garwar ban ruwa, ya ja mata ƙofa ya rufe.